Tarihin jirgin masunci a ƙasarmu

Hirarmu ta tarihi yau bisa jirgin ruwa za ta tsaya, ƙaramin jirgin nan da masunci ke shiga, shi ɗaya ko shi da ɗansa, ya je ya zuba kalli ya komo. Na san da yawa cikinku manoma ne da makiyaya, wani ma tun da aka haife shi bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Amma duk wanda ya sayi banda a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa ya ci albarkacin jirgi, ko ya sani ko bai sani ba. Ga tambayar da za mu bi: ƙasa irin tamu, wadda manyan itatuwa ba su da yawa cikinta, da me mutanenta suka yi ta yin jirgi? Za ku ga a kowane zamani, a kowane yanki, iccen da ke akwai shi ne ke yanke ma masunci siffar jirginsa.

Mu fara da mafi tsufa. A shekarar 1987, wani Bafulatani makiyayi yana ginar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙasar da yau ake kira jihar Yobe ta Najeriya. Da ya kai wajen metir 5, sai ya ci karo da wani baƙin icce mai tauri. Aka duba, aka ga ba saiwa ba ce, abu ne da hannun mutum ya sassaƙa. Labari ya kai ga masana. A 1994 masu bincike na jami'ar Maiduguri da ta Faranfot ta ƙasar Jamus suka tono shi ɗungum. Ashe jirgi ne na icce guda, tsawonsa metir 8 da santimetir 40, faɗinsa rabin metir. Da aka auna shekarun iccen, aka samu ya kai shekara 8,000. Duk Afirka ba a taɓa tono jirgin da ya kai shi tsufa ba, a duniya ma kaɗan ne suka girme shi. Daga baya aka ɗauke shi zuwa Damaturu.

Kada ku ce labarin wata ƙasa ne. Dufuna tana kusa da Komadugu Gana, ruwan da ke zubawa cikin Komadugu Yobe, ita kuwa Komadugu Yobe ita ce iyakarmu da Najeriya wajen Difa da Boso. Wanda ya sassaƙa wannan jirgi bai san iyaka ba, ruwa ɗaya muke sha da shi.

Abu biyu nake so ku lura da su. Na farko, iccen dangin maɗaci ne. Ke nan a wannan wuri, da yau sai ƙaya da rairayi, an yi maɗacin da gindinsa ya miƙe sama da metir 8 babu karkata. Zamanin ruwa ne. Tabkin Cadi ya ninka na yau sau da yawa, Tenere kanta tana da tabkuna. A Gobero, can cikin Tenere, wurin da aka gano a shekarar 2000, an samu ƙasusuwan giwan ruwa da na dorina da kada, da masun kamun kifi na ƙashi. Na biyu, lokacin ba a san ƙarfe ba. Babu maƙeri, babu gizago irin namu. Da kayan dutse aka sare wannan icce aka rarake cikinsa, amma goshinsa da bayansa sun fito da tsini, sumul. Wanda ya yi wannan aiki ba ranar ya fara ba, gado ya tarar.

Sassaƙar jirgin icce guda ba ta sake sosai ba tun daga nan, sai dai ƙarfe da ya shigo ya rage wahala. Masassaƙi ya zaɓi maɗaci ko rimi ko maje mai miƙaƙƙen gindi, a kayar, a sare rassa, a daidaita gefen da zai zama sama. Sannan a shiga rarake ciki da gatari da gizago. Wurin gwaninta shi ne kauri. In bango ya yi kauri, jirgi ya yi nauyi, ya ƙi tafiya. In ya yi siriri, dutse ɗaya ya fasa shi. Masassaƙi yakan ƙwanƙwasa icce ya saurari ƙararsa, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya.

To, inda babu irin wannan icce fa? Mu bar gabas, mu koma yamma, ga gulbin Kwara, wanda Zabarmawa ke ce ma Isa. Gulbin nan yana ratsa ƙasarmu wajen kilometir 550, daga iyakar Mali, ya bi ta Ayoru da Tilaberi da Yamai da Sayi, ya fita ta Gaya. Mutanen ruwansa tun fil azal su ne Sorko. Waɗanda suka gangara suka zauna ƙasar Kabi da Yawuri, suka koma magana da Hausa, su ne muke kira Sarkawa. A da, kowace shekara sukan hau gulbi da iyalansu, suna su suna banda, har cikin Mali, sannan su gangaro gida.

A kudu, wajen ƙasar Nupe, akwai kurmi, akwai manyan itatuwa. Daga can ne babban jirgin icce guda da ake kira abara ke fitowa, mai kuɗi ke sayensa. Amma in ka wuce Gaya ka yi arewa, itatuwa sai su dinga gajarta. Sai mutanen gulbi suka yi dabara. Tun da ba a samun gindi ɗaya mai tsawon jirgi, sai a sassaƙa guntaye biyu, ɗaya ya zama gaba, ɗaya ya zama baya, a haɗa su a tsakiya, a ɗinke. I, ɗinki na ce, kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya. A huda ramuka a jere bakin kowane rabi, a zura igiyar kaba, a ja a tamke, a cusa ciyawa ko tsumma cikin haɗin, a shafe. Can arewa kuwa, wajen Gawo, inda ko rabin ma wuyar samu gare shi, gutsattsarin icce ake haɗawa, har da na goriba, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya har jirgi ya tashi.

Jirgin ɗinki yana da aibi, kowa ya san shi: yoyo. Ba ya rabuwa da ruwa a ciki. Wani Bafaranshe mai suna Rene Kaye, da ya bi gulbi daga Jenne zuwa tashar Tumbutu a 1828, ya ba da labarin manyan jiragen fatake na katako da aka ɗinke da igiya, babu ƙusa, da mutanen da ba su da aiki cikinsu sai kwarfe ruwa. Amma ni a ganina an cika raina wannan jirgi. In ya bugi dutse, ɗinkin yakan ba da kai, ya lanƙwasa, ba ya tsagewa gaba ɗaya. In igiya ta ruɓe, mai jirgi ya ja shi gaɓa, ya yanki kaba, ya tufka, ya sake ɗinki da hannunsa. Bai nemi kowa da kuɗi ba. Ku riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Da irin waɗannan jirage aka yi sarauta. Sonni Ali, sarkin Songai da ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da jiragen Sorko ya yi ta kai mayaƙansa sama da ƙasa, da su ya kewaye Jenne har ya ci ta. A fadar Songai akwai sarauta sukutum ta mai kula da jirage, ana ce masa Hi-koy, wato sarkin jirgi, don har yau da Zabarmanci jirgi "hi" ne. Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu wajen 1516, shi ma ƙarfinsa bisa ruwa da fadama yake. Labarin da aka gada ya ce yana da jirgi da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda yake shiga in ruwa ya cika fadamar Surame.

Har baƙo ma, da ya matsu, dabarar mutanen gulbi ya ɗauka. A ƙarshen 1805, Bature Mungo Park ya iso Sansandin, cikin ƙasar Segu, mutanensa sun kusa ƙarewa da zazzaɓi da atuni. Jiragen da ya samu rabinsu ruɓaɓɓe ne. Sai ya yanke ruɓaɓɓen, ya haɗa masu kyau, shi da soja ɗaya, kwana 18 suna aiki. Suka fitar da jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa wajen metir 12, faɗinsa kusan metir 2, ya sa masa suna Joliba. Wannan jirgin haɗe-haɗe ya wuce Tumbutu, ya wuce Gawo, ya ratsa duk gulbinmu daga arewa har kudu, ya kai Yawuri. Sai a duwatsun Busa, farkon 1806, tafiyar ta ƙare, Park ya halaka cikin ruwa. Busa ɗin ma yanzu tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.

Wanda ke son ganin aikin ɗinki da idonsa, akwai shi cikin hoto. A 1951 Jan Rush ya ɗauki silima ta farautar dorina wajen Ayoru da Firgun. Ciki ana ganin Sorko suna haɗa babban jirgi mai kauri don yaƙin dorina, ana ƙera zago, ana neman yardar Harakoy Dikko, wadda suka ɗauka ita ce mai gulbi. Daga ƙarshe wani tsohon toron dorina ya lalata jirgin ya tsere da zaguna a jikinsa.

Yanzu mu sake komawa gabas, ga tabkin Cadi, amma cikin zamanin da maɗacin Dufuna ya daɗe da ƙarewa. A tsibiran tabki babu iccen sassaƙa. Buduma, masu kiran kansu Yedina, sai suka juya ga wata doguwar ciyawar ruwa mai kama da kara, marar nauyi. A yanke ta, a ɗaure dami-dami da igiya, a haɗa damman, goshi ya tashi sama kamar ƙaho, baya kuwa a datse shi. Sunansa kadai. Ruwa ba ya cika shi, don ba rami gare shi ba, shi kansa ne ke iyo. Sai dai ciyawar tana shan ruwa sannu-sannu, bayan watanni ta yi nauyi, a yar a ɗaura wani. A Komadugu da gulbin Kabi kuwa, talakan masunci ko wannan bai nema ba. Babban gora ya ishe shi: ya kwanta bisa, ya yi iyo da ƙafa, homa a hannu, kifin da ya kama ya jefa ta bakin goran.

Wasu Turawa da suka so yawo bisa tabkin sun san babu icce, shi ya sa suka zo da nasu jirgi tun daga teku. A 1850 Ricadsan da Barth da Overweg suka taso daga Tarabulus da jirgin da aka yi a tsibirin Malta, an raba shi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma. Ya ƙetare hamada, ya bi ta Abzin da Damargu, ya kai Barno. A 1851 aka haɗa shi bakin tabki, Overweg ya shiga ya kewaya tsibiran Buduma. Ku duba wahala, jirgi bisa raƙumi! Bayan shekara ɗari da ƴan kai sai abin ya juya. A 1969 wani mutumin Norwai, Tor Hayardal, ya zo har Bol ta ƙasar Cadi ya ɗauki maɗaura kadai, ya kai su Masar, suka ɗaura masa babban jirgin ciyawa da ya kira Ra. Ya tashi daga Safi ta Maroko, ya yi kusan wata biyu bisa tekun Atlantika kafin jirgin ya lalace. Ta baya ya fara nutsewa, wajen wutsiyar da Baturen ya sa aka ƙara, wadda babu ita a kadai na gida.

To, yaya aka yi yau, daga Ayoru har Gaya, daga Boso har tabkin Madarunfa da na Gidimuni da na Tabalak, kusan duk jirgin da ka gani na katako ne da ƙusa? Abubuwa ne suka taru cikin shekaru kaɗan. Hanyoyin mota suka buɗe, katakon da injin ya tsaga a kurmin kudu ya fara isowa kasuwanninmu. Zaren nailan ya kori zaren kaɗa da na rama, kalli ya yi tsawo, ya yi arha, mutum ɗaya ya iya su shi kaɗai in yana da ƙaramin jirgi. Sannan fari ya zo. A 1973 tabkin Cadi, wanda a 1963 ya kai murabba'in kilometir 25,000, ya rabu biyu, daga baya ɓangaren arewa, wanda shi ne namu, ya ƙafe shekara da shekaru, masuntan Gigimi suka bi ruwa kudu. A watan Yuni na 1985 gulbi ya tsaya cak a Yamai. Itatuwan bakin ruwa suka mutu da yawa. Dokar gandun daji ta 1974 kuma ta sa maɗaci da giginya da goriba cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. Dokar tana da gaskiyarta, don in an bar gatari, ko na inuwa ba za a samu ba. Amma ta rufe ma masassaƙin jirgi ƙofa.

Nan ne maganar da na ce ku riƙe ta dawo. Jirgin ɗinki da kadai gumi suke ci. Jirgin katako kuɗi yake ci: katako na saye, ƙusa ta saye, kwalta ta saye, ga ladan kafinta. Masuncin da ba shi da su sai ya je wurin dillalin kifi. Dillali ya saya masa jirgi da kalli, bisa sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar ma, a kuɗin da shi dillalin ya yanka. Jirgin katako kuwa ba ya daɗewa kamar abara. Sau da yawa kafin bashi ya ƙare jirgi ya ruɓe, a sake sabon bashi. Shi ya sa masunta da dama suka koyi haɗa nasu da kansu, ko su haɗa kai su biyu su uku, su sayi katako, su kira wanda ya iya ya tsaya musu.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ƙaramin jirgin su galibi tsawonsa tsakanin metir 5 ne da 8. Masu aikin da kamu suke awo, kamu biyu kuwa kusan metir guda ne. Abu na farko zaɓen katako. A ɗaga kowane a duba shi ga rana: mai ido, mai tsaga, mai cin gara, a mayar. Ɗanyen katako ma abin gudu ne, don in ya bushe a jikin jirgi sai ya tsuke, haɗi ya buɗe baki. Da gindi ake farawa. A shimfiɗa katakon gindi bisa ƙasa mai daidai, a zana siffa da gawayi, faɗi a tsakiya, tsini gaba da baya, a yanke da zarto. Sannan a ɗaga bakin gaba da na baya kaɗan, a sa musu matashi, a danne tsakiya da duwatsu, ana jiƙawa da ruwa, wani lokaci ana gasawa da wuta sama-sama, har katako ya karɓi lanƙwasa. Gindin da bai ɗaga kai ba yana noman ruwa, mai tuƙi ya sha wuya.

Daga nan sai bangaye. Nan ake bukatar hannuwa, don katakon gefe ba ya son bin siffar gindi, sai an ja shi da igiya ana bugun ƙusa kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa baki, gefen dama da na hagu tare. In aka gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, jirgi ya karkace, kuma karkataccen jirgi har ya mutu yana jan hannu ɗaya. A ciki a sa haƙarƙari na icce mai tauri, irin su ƙirya, a gitta katakon zama biyu ko uku, waɗanda su ne kuma ke hana bangaye buɗewa. Ƙusar da ta ɓullo ta ɗaya gefen ba a barinta tsaye, lanƙwasa ta ake yi ta koma cikin icce, don ta riƙe, don kuma kada ta yaga kalli ko ƙafa.

Aikin ƙarshe toshiya. Kowane haɗi a cusa masa kaɗa ko tsumma da bakin wuƙa marar kaifi, a bi da narkakkiyar kwalta. Masu yin na da, man kaɗe suke cuɗawa da garin gawayi. Wasu su ƙara da siririn gwangwani bisa haɗin, a buga da ƙananan ƙusoshi. A kifar da jirgi, a shafe gindinsa, a bar shi ya sha iska a inuwa.

Ranar sakawa ruwa ba ranar su ba ce. Da safe maƙwabta su taru, a ɗauke shi a kafaɗa ko a ja shi bisa guntayen icce, kada gindi ya gogi tsakuwa. Mai jirgi yakan yi sadaka, goro ko fura ko masa ga yara, a yi addu'a, inda kuma akwai sarkin ruwa a sanar da shi an ƙaru da jirgi. Sai a tura shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sabon jirgi yakan yi yoyo, wannan ba abin tsoro ba ne. Da gangan ma ake barinsa ya sha ruwa, a ɗaure shi ga turke ya kwana biyu ko uku, katako ya kumbura, ƙananan kafofi su rufe da kansu. Sannan a kwarfe, a share ciki, a zauna a duba. Inda ruwa ke tsattsafowa a yi masa alama da gawayi, a ja jirgi gaɓa, a sake toshewa.

Bayan haka sai gwaji. Mutum ɗaya wanda ya iya iyo ya shiga, ba tare da yaro ba, ya tsaya tsakiya ya jijjiga shi dama da hagu, ya karɓi gwangwala ya tura kusa da gaɓa, ya zauna ya gwada filafili. Waɗanda ke tudu su ne ke gaya masa ko jirgin ya zauna daidai ko ya jirkice. Sai a ƙara masa mutum na biyu, sai kalli jiƙaƙƙe, don nauyinsa ya fi na busasshe nesa. A duba abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Wannan tazara ita ce iyakar kayan da zai ɗauka, kuma masunta da yawa sukan ja layin fenti daidai wurin, su ajiye ƙwaryar kwarfa ƙarƙashin mazaunin baya, kafin su yarda jirgin ya nufi tsakiyar ruwa.